Likitan Da Ya Nufi Kano, Ya Ƙare A Zariya

Mun shigo lokacin da saƙonninku suke zuwa da kuka iri ɗaya. Sakamakon JAMB ya fito, jami'o'i sun fara sakin sunaye. Wanda ya cike likitanci an tura shi kimiyyar tsirrai, wadda ta daɗe tana ganin kanta cikin baƙar rigar lauya ta tarar da sunanta a sashen koyarwa, wani kuwa ya duba har idonsa ya yi ja bai ga sunansa ko'ina ba. Ku da ke aji biyar da aji shida kuna kallon abin da ya sami yayyenku, gabanku na faɗuwa. Tambayar da ta fi yawa ita ce: na yi karatu, na yi addu'a, to me ya sa aka ba ni abin da ban roƙa ba?

Yau labari zan ba ku, na wani mutum da ya zauna shekara ashirin da huɗu a cikin ganuwar birnin Zariya, alhali ba Zariya ya nufa ba, kuma ba aikin da ya koya ne ya ƙare yana yi ba. Sunansa Walter Miller, amma tsofaffin Zazzau da Likita Mila suka san shi. Ɗan mishan ne, wa'azin addinin Kirista ne ya kawo shi ƙasar Hausa. Na san da yawanku Musulmi ne, kuma ba sai kun yarda da abin da ya kawo shi ba kafin ku ƙaru da labarinsa. Tarihin garinmu ne. Ɗalibanmu Kirista kuwa, musamman na Wusasa, wannan labarin gidanku ne, kuma ina zargin da yawanku rabinsa kawai aka gaya muku.

An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Da ya so, da ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a ƙasarsu ya ci abincinsa cikin rufin asiri. Sai ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, ya sa ransa a wuri ɗaya: Kano. A wancan zamani Turawa suna jin labarin Kano kamar yadda ku kuke jin labarin Dubai, babban birnin ciniki mai ganuwa, inda ayarin raƙuma ke sauke kaya daga hamada. Lissafin Mila mai sauƙi ne. Zai shiga da akwatin magani, magani ya buɗe masa ƙofar zaure, sannan ya yi maganar da ta kawo shi.

Kafin ya zo sai ya yi wani abu da nake so ku riƙe, domin za mu dawo kansa. A 1898 ya tafi Tarabulus, a ƙasar Libiya ta yau, inda akwai Hausawa da yawa, fatake da mahajjata da waɗanda bauta ta kai su can. A wurinsu ya zauna yana koyon Hausa, baki da baki. A ganinsa a lokacin, harshen makami ne na biyu. Likitanci ne babban aiki, Hausa kuwa don ya iya tambayar mara lafiya inda yake masa ciwo.

A watan Janairu na 1900 su biyar suka taso daga Legas, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Babu jirgin ƙasa, domin sai 1911 dogo ya isa Kano. Da ƙafa da doki da 'yan dako suka yi tafiyar, kusan wata uku kafin su iso Zariya. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Amma su idonsu na kan Kano, Zariya zango ce kawai, sai suka wuce.

A Kano abin ya zo da sauri. Sarki Alu ya karɓe su a fada, ya ji abin da ke tafe da su, ya nuna musu ba a bukatarsu, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Idan ka sa kanka a matsayin Sarki ba za ka yi mamaki ba. Sojojin Turawa na matsowa daga kudu, ga waɗansu Turawan sun shigo babu takardar izini daga Sarkin Musulmi, suna cewa su malamai ne. Wa zai bambance masa malami da ɗan leƙen asiri? Shirin shekara biyu da tafiyar wata uku suka ƙare a zama ɗaya.

Suka juyo, suka yada zango a Girku, kudu da Zariya. Nan ne wahala ta same su sosai. Ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ciwo ya kama shi ya mutu. Wani, Richardson, rashin lafiya ya sa aka mayar da shi gida. Bukkokinsu suka ƙone. Waɗanda suka rage suka janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Ku lura, akwai likita a cikin tawagar, kuma a gaban idonsa abokin tafiyarsa ya cika. Duk wanda ya gaya muku cewa dogaro ga Allah yana nufin komai zai tafi lami lafiya, ku tambaye shi labarin Ryder, wanda kabarinsa ne kaɗai rabonsa a ƙasar Hausa.

Mutum mai hankali zai iya cewa a nan ya kamata Mila ya gane cewa ba a kira shi ba, ya koma Landan. Bai koma da zama ba. Ya dawo, kuma a 1905 aka ba shi wuri a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Garin da ya ɗauka zango shi ya zama gida.

Kano fa? Wani zai ce ai Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, me ya hana shi shiga? 'Yan'uwansa Turawa ne suka hana shi. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma jami'an da suka biyo bayansa sun fi shi tsanantawa wajen hana 'yan mishan zama a biranen Musulmi. Ƙofar da Sarki Alu ya rufe, gwamnatin ƙasarsu Mila ce ta sa mata sakata.

A Zariya aka yi karkata ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko girma. Yana ba da magani, amma sannu a hankali ya ga cewa ba nan aikinsa yake ba. Yara suka fara taruwa a gidansa: waɗanda aka 'yanto daga bauta, marayu, da 'ya'yan waɗansu da suka amince masa. Ya buɗe makarantar kwana. Likitan da ya yi shekaru yana koyon fiɗa da sunayen ƙasusuwa ya koma koyar da baƙi da wasali da lissafi, ya zama uban ɗaki, mai raba faɗan yara, mai duba wanda bai wanke ƙafa ba kafin barci. Da dare kuma ya zauna da malamai yana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aya bayan aya. Yana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnati a rubuta Hausa da haruffan boko maimakon ajami, shawarar da har gobe masana na gardama a kanta, domin ta mayar da dubban malaman da suka iya ajami kamar waɗanda ba su iya karatu ba. Ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, da waɗannan haruffa kuke karanta wannan shafi.

(Af, ba shi kaɗai hanya ta karkatar ba. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, da rigar CMS ya fara shigowa ƙasar nan, daga baya ya ajiye ta ya shiga aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. 'Yan Kano, gidansa na nan, ku je ku gani.)

To me Mila ya samu a Zariya? Idan da ma'aunin da ya zo da shi za a auna, kaɗan ƙwarai. Birnin malamai ne, birnin Unguwar Juma da Kona, mutanensa sun riƙe addininsu gam. Shekaru suka shuɗe, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Ana gaisawa da shi, ana karɓar maganinsa, ana yaba Hausarsa, a tashi a tafi masallaci.

Sai a 1913 wani abu ya faru da bai shirya ba. Waɗansu mutane suka zo wurinsa daga ƙauyukan da ke tsakanin Zazzau da Kano da Ningi. Ana kiransu Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim ne da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa, mabiyansa suka watsu. Waɗansu daga cikin zuriyarsu suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu gari a Gimi, wani ɗan mishan baƙar fata daga tsibiran Karebiyan mai suna Thompson yana kula da su. Gonaki, makaranta, coci. Ga dukkan alamu addu'ar shekara goma sha uku ta karɓu.

Ciwon barci ya shiga Gimi. Ƙudan tsando ne ke kawo shi, kuma a lokacin babu magani mai ƙarfi a hannu. Mutane suka yi ta mutuwa, cikin 'yan shekaru garin ya watse, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa makarantar Mila a cikin birni. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Abin da ya yi kama da amsar addu'a ya zama maƙabarta, kuma mutumin da ya ƙarfafa musu gwiwar taruwa a wurin likita ne. Ban ga yadda za a yi wa wannan kwalliya ba, kuma bai kamata a yi ba.

Kada kuma ku ɗauka waliyyi nake zana muku. Mila mutum ne mai kaifin harshe da taurin kai, mai shiga sha'anin mulki. Ya yi ta kai ƙarar Sarki Aliyu ɗan Sidi wurin Turawa, kuma masana tarihi suna lissafa rahotanninsa cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin wajen 1920, aka kai shi Lakwaja. Shi yana ganin zalunci yake yaƙa. Zazzagawa da yawa kuwa suna ganin baƙo ne da aka ba masauki ya juya yana yi wa mai gida zagon ƙasa, kuma Sarkin da aka tuɓe malami ne, mawaƙi, wanda har yau ake karanta waƙoƙinsa a makarantu. Mutum zai iya dogara ga Allah da gaske kuma ya cuci wani a hanya. Wannan ma darasi ne, ko da ba shi muka fito nema ba.

Karkata ta uku ta zo a 1929. Gwamnati da fada sun daɗe suna so mishan ya fita daga cikin ganuwa, a ƙarshe CMS ta amince. Aka ba su fili a Wusasa, kusa da dutsen Kufena. Mila bai so ba ko kaɗan. Shekara ashirin da huɗu yana riƙe da wannan ɗan wuri a cikin birni, yana ganin shi ne duk abin da ya rage na mafarkin 1900. Aka fi ƙarfinsa. Ragamar sabon wurin ta koma hannun matasa irin su Guy Bullen, aka gina cocin St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa na magina Hausawa, aka kafa asibiti da makaranta. Shi kuwa ya tattara takardunsa ya tafi Kano don ya kammala fassara.

Kun ji fa, Kano. Bayan kusan shekara talatin ya samu zama a garin da ya fito nema yana saurayi, amma a bayan ganuwa, yana dab da shekara sittin, kuma ba da akwatin magani ba, da tarin takardu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da shi ne ƙashin bayansa, tare da taimakon malamai Hausawa da 'yan mishan na waɗansu ƙungiyoyi. Littafin ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Kabilu da yawa na Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Bauci, waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ce, da shi suka yi ibada shekara da shekaru, kuma da yawa a cikinsa suka koyi karatu. Ya zo neman Hausawan birni, aikinsa ya fi amfanar mutanen da bai sa a lissafi ba.

Yanzu mu koma Tarabulus. Abin da ya ɗauka makami na biyu, wato harshen, shi ya zama aikin rayuwarsa. Abin da ya ɗauka babba, likitanci, ya koma gefe. Da a 1898 ya yi wa Hausa karatun shashanci, ya ce ai ni likita ne, tafinta ya ishe ni, da ranar da Kano ta rufe ba shi da abin da zai kama. A nan nake so ku duba kanku. Ɗalibin da ya ƙudurta likitanci yakan raina darasin Turanci da Hausa da aikin gona, ya ce ba layinsa ba ne. Wa ya gaya maka? Kai ka san inda ka nufa, ba ka san inda za a sauke ka ba. Darasin da kake gudu ranar Laraba da rana yana iya zama shi ne abincinka nan da shekara goma sha biyar.

Abu na biyu, ku lura da abin da Mila ya yi tsakanin 1900 da 1929. Bai zauna a bakin ƙofar Kano yana jiran ta buɗe ba. Ya kama aikin da ke gabansa, ko da ba shi ya roƙa ba. Ina ganin nan ne da yawanmu muke rikita tawakkali da zaman jira. Akwai wanda zai rubuta JAMB sau huɗu yana neman likitanci, tsakanin jarrabawa da jarrabawa ba ya koyon komai, ba ya taya kowa komai, yana cewa yana jiran lokacin Allah. Sake jarrabawa ba laifi ba ne, wani a karo na biyu yake samu, kuma idan makinka ya kusa, ka sake. Amma shekarar da ke tsakani ita ma rai ce, za a tambaye ka ita. Ɗalibanmu Kirista sun san labarin Bulus a Ayyukan Manzanni sura 16, yadda ya nufi wani yanki aka hana shi, ya nufi wani aka sake hana shi, bai daina tafiya ba har ya tsinci kansa a Makidoniya. Labarin Annabi Yusuf kuwa, Musulmi da Kirista duk mun san shi: a gidan Azizu ya yi aiki, a kurkuku ma ya yi aiki, ba a rijiya ya zauna yana jiran sarauta ba. Bahaushe ya ce wani hani ga Allah baiwa ne, amma bai ce kowane hani za ka ga baiwarsa da idonka ba, kuma bai ce ka naɗe hannu ba.

Makarantar nan da likita ya buɗe ba da niyya ba, ku ji abin da ta haifar bayan ta koma Wusasa. Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda babban asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, a hannun wannan mishan ya taso, ya yi karatu a Birmingham, kuma shi ne shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa na farko. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan Wusasa ne. Janar Yakubu Gowon a nan ya yi firamare, mahaifinsa ma'aikacin coci ne. Mutumin da ya ajiye likitanci ya kama alli, allin ya fitar da likitoci.

Cikinsu akwai wanda hanyarsa ta bi ta Mila a juye, wato Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawan nan da muka ambata. An haife shi a 1927, ya zama likitan yara, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Juyin mulkin da ya kawar da Gowon ya raba shi da kujerar. A 1979 ya tsaya mataimakin Dakta Azikiwe a jam'iyyar NPP, ba su ci ba, amma ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari. Da sojoji suka dawo a ƙarshen 1983 aka tsare shi fiye da shekara. Da ya fito bai koma neman muƙami ba. Ya zauna a Samaru yana duba marasa lafiya a asibitinsa, ya kuma kama aikin fasto, har ya rasu a 2005. Wanda ya yi magana da sunan Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙare yana auna zazzaɓin jarirai yana wa'azi ranar Lahadi, 'yan kilomitoci daga ofishin da aka fitar da shi.

Mila kansa ya bar CMS a 1935, ya koma Ingila, zama bai yi masa ba. Ya dawo Najeriya ya zauna a Bukuru yana koyar da Hausa yana rubuce-rubuce, ya rasu a 1952, aka binne shi a Jos. Ba Kano ba, ba Zariya ba.

Aikin gida na wannan mako na 'yan Zariya ne, amma kowa na iya yin irinsa a garinsu. Ku nemi wani dattijo a cikin birni ku tambaye shi ina ne Durumin Maigarke, da abin da ya ji daga iyayensa game da Likita Mila, mai daɗi da mara daɗi. 'Yan Wusasa ku tambayi kakanninku labarin Gimi. Sannan kowa ya tambayi babba ɗaya a gidansu: wane aiki ka so yi kana shekara goma sha bakwai, kuma yaya aka yi ka ƙare a wanda kake yi? Ku rubuto abin da kuka ji, kada ya wuce shafi ɗaya, da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga guda uku a fitowa ta gaba.